Da Athol Ya Rabar da Naman Firizarsa

Waya ɗaya tal ce ke kai wuta gonakin arewacin Koorabin, kuma inda ta ƙare nan gidan Athol Pfeiffer yake. Nan ni ma nake juya mota, domin ni ce mai raba wasiƙu a wannan hanya tun kaina bai fara furfura ba. Merle ake kirana. Na san wanda banki ke nema, na san wadda 'ya'yanta suka daina rubuto mata, ban kuwa taɓa buɗe ambulan ɗin kowa ba, ba sai an buɗe ake sani ba. Amma tsohon nan ya yi mako da 'yan kwanaki yana zaune ba wuta, ina tsayawa a ƙofarsa muna gaisawa, ban gane ba.

A gidan aka haife shi, lokacin ko cikin gari babu lantarki. Yana saurayi manoma suka haɗu suka haƙa ramukan turakun wayar da hannunsu, yana cikin masu haƙar. Ya yi askin tumaki a gonakin mutane har bayansa ya lanƙwashe, ya gaji gonar ubansa, ya auri Thelma, suka haifi 'ya ɗaya, Glenys. Da Thelma ta rasu sai ya ba wani maƙwabci hayar gonar alkamar, ya bar wa kansa 'yan tumaki da kaji da wani tsohon kare. Kowace shekara shi ke yankansa da kansa, ya yayyanka, ya ƙunsa, ya cika ƙatuwar firizar da ke barandar baya.

Magana kuwa sai ka jawo ta da ƙugiya. Duk abin da ka tambaye shi amsa ɗaya ce: "Ba laifi." An ce ranar da tarakta ta taka masa ƙafa sai da ya ƙarasa layin da ya fara kafin ya tafi asibiti, da nas ta tambaye shi ya ƙafar, ya ce ba laifi. Kada ku ɗauka shi kaɗai ne. Haka mazan karkararmu ta Ostireliya suke, na auri ɗaya na binne shi, na sani. A wurinsu faɗin damuwa abin kunya ne, neman taimako kuwa gara a ce su fita kasuwa ba wando. Halin yana ba ni haushi, yana ba ni tausayi, ya danganta da yadda na tashi ranar.

Shekarar da ta gabaci wannan labari ya faɗo daga tsani yana gyaran indararo, ya karya hannu, ya ɗaure abinsa da tsumma ya ci gaba da harkokinsa. Da labari ya isa birnin Adelaide inda Glenys take zaune, ta taso a fusace. Ba muguwar 'ya ba ce, kada a yi mata sharri. Mace ce da ke kwana da waya a gefen matashi tana jiran mugun labari. Ta samo masa ɗaki a wani gidan tsofaffi kusa da ita, hawa na uku, taga tana kallon wurin ajiye motoci. Ya je ya gani, ya ce ba laifi, ya dawo gida bai sake tayar da zancen ba. A ƙarshe suka yi sulhu a teburin kicin: zai zauna a gidansa, ita kuma za ta karɓi biyan kuɗin wuta, lambarta ce za ta zauna a wurin kamfani.

"Amma Baba," ta ce, "in wani abu ya sake faruwa, ko ƙanƙani ne, ka tattara kayanka. Ba zan ƙara roƙonka ba."

Shi da bakinsa ya gaya min wannan wata rana a jikin akwatin wasiƙa, yana kallon wani wuri daban.

A watan Janairu, tsakiyar zafi a wurinmu, iska ta taso da yamma ta kwantar da turaku kamar karan alkama. Muka yi kwanaki ba wuta. Ba ruwa a famfo tunda inji ke turo shi daga tanki, ba fanka, masu janareto suka zama sarakuna ana bin su da gaisuwa. Da aka gama gyara, kamfani ya tura wa kowa saƙo cewa wuta ta dawo. Na Athol, wayar Glenys ya shiga. Nan take ta kira shi, ya ɗauka a cikin a-kori-kurarsa inda yake cajin wayar.

"Baba, sun ce ta dawo. Wallahi da ta ƙara kwana da gobe ina hanya in ɗauko ka. Zafin nan kashe tsofaffi yake yi."

"Ta dawo," in ji shi.

Bai ɗauka ƙarya ya yi ba. Daga inda yake zaune yana hango fitilar gidan maƙwabci, ya ce a ransa tasa ma tana tafe. Ba ta zo ba. Fiyus ɗin da ke saman turken gidansa ne ya ƙone a cikin iskar, kuma kamfani ba shi da hanyar sani sai mai gida ya kira. In ya kira kuwa, kafin ya ajiye waya saƙo ya isa Adelaide. Washegari mai hayar gonarsa ya zo ɗaukar janareton da ya ara masa a kwanakin iska. Athol ya taya shi ɗorawa a mota, ya yi masa godiya.

A gari kuwa hira ta koma kan diyya. Kamfanin namu yana biyan wanda ya daɗe ba wuta, iya daɗewarka iya abin da za ka samu. Kuɗin ba za su sayi saniya ba, amma ku zo ku ga yadda mutanen da ba sa kuka da komai suka shiga gasar wanda ya fi shan wuya. Ina kantin Trev ina sauke jakar wasiƙu Athol ya shigo sayen kananzir, ya yi aski, rigarsa fes.

"Ga uban masu kuɗi nan!" in ji Trev. "Kai da ke ƙarshen waya ai kai za ka kwashe mu duka. Yaushe taka ta dawo?"

"Tare da taku."

"To kananzir na mene ne, tsoho? Ko wata ka samu kuke hira a duhu?"

"Tanadi ne."

Dulcie, shugabar ƙungiyar matan garinmu, tana gefe tana matsa tumatir ɗaya bayan ɗaya ba ta da niyyar saye. Ta ce, "Ka dai tabbata Glenys ta karɓo maka naka, Athol. Kada ka bar musu ko sisi, su ba sa bar mana."

Ya ce ba laifi, ya ɗauki galan ɗinsa ya fita.

Zaman ba wuta bai dame shi ba, a ciki ya girma. Ya ɗebi ruwa da bokiti daga tanki, ya hura tsohon murhun itacen Thelma, ya jiƙa buhu ya rataya a ƙofa don iskar da ke shigowa ta yi sanyi. Firiza ce kaɗai ta gagare shi. Ya lulluɓe ta da barguna, amma ya san kwana ɗaya ko biyu ne ya rage, kuma mutumin da ya yi kiwon dabba ya yanka ta da hannunsa ba zai tsaya yana kallo namanta ya ruɓe ba.

Na iso da hantsi na tarar da shi a bakin ƙofar shinge da kwalaye. Ƙullin nama ne a naɗe cikin jarida, da sauran sanyinsu, kowanne da sunan gida a jiki.

"Ki miƙa wa kowa a hannu. Kada ki sa a akwati, rana za ta ɓata."

"Athol, wannan ai naman shekara ne."

"Ya yi min yawa."

"Tun yaushe nama ya fara yi maka yawa?"

"Ki tafi, 'yar nan, rana na yi."

A wurinmu in mutum ya yi yanka ya aiko maka da cinya, ba wani abu ba ne. Amma ya share firizarsa tas alhali shekara ba ta je ko'ina ba, ɗayan biyu ne: ko ya sayar da gona, ko likita ya gaya masa magana. Kowa kuwa ya san Athol ba zai sayar ba. Da na miƙa wa Dulcie nata ta karanta sunanta a jiki, sai ta laluba kujera ta zauna.

"Wayyo Athol. Haka mijina Len ya yi, Merle. Sai da ya gama rabar da kayan aikinsa sannan ya gaya min abin da aka gani a hoton ƙirjinsa."

Kafin in koma gari labari ya riga ni. Babu wanda ya ga likita, babu wanda ya ji sunan cuta, amma wasu har sun san a hanta take. Babu kuma wanda ya je ya tambaye shi. Ba a yi. Tambayar namiji a kan ciwonsa a nan kamar leƙa masa bayan gida ne. Abin da ake yi shi ne girki. In mutum ya kwanta, mata suna cika masa firji da firiza da abincin da zai riƙa ɗumamawa, don kada ya tsaya a gaban murhu. Dulcie ta raba kwanaki, motata ta koma ta 'yan tuwo-tuwo. Naman da ya rabar ya fara komawa masa a dafe, da dankali, da miyar kaza, da kek, kowane kwano da 'yar takarda a murfi: wannan na firji, wannan na firiza.

Ba zan manta fuskarsa ba ranar da na miƙa masa kwanukan farko. Ya tsaya rungume da su a cikin rana yana dubansu. Ni kuwa na ɗauka zuciyarsa ce ta karye saboda kirkin mutane, har na juya kai don kada in ba shi kunya. Ya ci abin da zai iya, kare ya ci saura, kaji suka samu rabonsu. A 'yan kwanakin nan karen ya yi ƙibar da bai taɓa yi ba. Kwanukan suna dawowa a wanke, kowanne da ƙwai a ciki, domin ba a mayar da kwano wayam. Dulcie ta ce alhamdu lillahi, aƙalla yana cin abinci.

Duk wanda ya je, a bakin shinge yake tare shi, ba ya barin kowa ya ƙarasa gida. Muka ce ba ya son a ga magunguna a kan tebur. Maza suka zo ba wanda ya kira su, suka gyara masa shingen da iska ta kayar, suka tafi ba su ce komai ba. Har Clarrie Noske ya zo, wanda rabon da su yi magana da Athol tun rigimar iyakar gona, Glenys tana firamare. Ya tsaya ya dubi sama.

"Ana zafi."

"Ana yi."

Clarrie ya miƙa masa hannu, ya riƙe ya daɗe bai saki ba, sannan ya shiga mota yana jan hanci.

Ranar ne Athol ya tare ni. "Merle, wai me ya samu mutanen nan?"

Ni ma na gaji da haɗiye abin. Na kashe mota na ce, "Athol, me likita ya ce?"

Ya dube ni, na ga lokacin da ya gane. Ya ɗaga kai ya dubi wajen gidansa, ya daɗe. Kalma biyu ce za ta warware komai, kuma ya san in ta shiga motata ta isa kunnen Dulcie, in ta isa kunnen Dulcie ta isa Adelaide.

"Ki gaida Dulcie," ya ce. "Ki ce kazar ta yi daɗi."

Na yi kuka a hanya har sai da na tsaya a gefen titi, ina jin haushin duniya da ke ɗauke irin waɗannan mutane.

Abin da ya guje wa ta ƙofa sai ya shigo ta taga. Dulcie ta ga bai dace 'ya ta ɗauki wannan nauyi ita kaɗai ba, ta kira Glenys don ta ƙarfafa mata gwiwa, ta ce kada ta damu, gari na kula da shi har zuwa lokacin da Allah zai yi ikonsa. Glenys ba ta tsaya ɗaukar jaka ba. Washegari da tsakar rana na tarar da motarta a mahaɗar hanyarsu, tana zaune a ciki, idanu sun kumbura.

"Anti Merle, don Allah ki raka ni. Ba zan iya shiga ni kaɗai ba."

Yana bayan gida wurin kaji, bai ji isowarmu ba, don haka babu wanda ya tare mu a shinge. Kicin ɗin kamar tanda. Bokitai a jere, fitilar ƙwai a kan tebur, toka a murhu. Ta leƙa baranda ta ga firiza a buɗe, an wanke ta an bar ta ta bushe. Ta dawo ta danna makunnin fitila. Ta sake dannawa. Tana nan tsaye da yatsa a kai ya shigo da ƙwai a cikin hularsa.

"Baba, me ke damunka? Ka gaya min gaskiya."

"Ba abin da ke damuna."

"Dulcie ta ce..."

"Dulcie ba likita ba ce." Ya ajiye hular a hankali. "Fiyus ne. Na saman turke."

"Tun yaushe?"

"Tun iska."

Ta zauna a kujerar uwarta ta fashe da kuka, tana yi tana dariya, ta kama hannunsa tana jujjuya shi kamar ba ta yarda nasa ba ne. Ni kuwa na jingina da bango ina tuna hawayen da na zubar a gefen titi saboda fiyus, na rasa ko in rungume tsohon ko in kwaɗa masa bokiti. Sai dariyar ta ɗauke mata. Ta share fuska ta dube shi sosai.

"Ka san abin da gari ke faɗa?"

"Na sani."

"Ka gwammace a ce mutuwa za ka yi, da ka gaya min wuta ta lalace?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara ƙwan da ke cikin hular.

"Har haka kake tsorona, Baba?"

"Ba ke ba," ya ce. "Ɗakin nan na hawa na uku."

Na yi niyyar in zame in ba su wuri, ta ce in zauna. Ta ciro wayarta ta danna lambar kamfani, amma ba ta kai kunnenta ba, ta miƙa masa.

"Kai za ka faɗa musu."

Ya karɓa kamar an ba shi garwashi. Da wata yarinya ta ɗauka ya gyara murya ya ce ta yi haƙuri da damunta da ya yi, ya san suna da aiki da yawa, akwai waɗanda suka fi shi buƙata, amma in sun samu sarari, ba gaggawa, wutarsa ta ɗan ɗauke. Da ta tambaye shi tun yaushe ya gaya mata, sai da ta ce ya maimaita. Da safe ma'aikaci ya zo da doguwar sanda ya canza fiyus ɗin kafin shayin da aka haɗa masa ya huce.

Zancen diyya kuwa, yarinyar ta yi masa bayani da ladabi cewa da ya kira tun farko da babu wanda zai kai shi samu a yankin, amma kwanakin da ba a sanar da su ba ba sa shiga lissafi, zai samu daidai da na kowa. Trev ya yi wata guda yana ba da labarin mutumin da ya zauna a kan kuɗi yana ciyar da kare da kek. Athol kuwa daɗi ya ji. Daidai da na kowa shi ne abin da yake so tun farko. Dulcie ta yi fushi na kwana biyu, sannan ta aiko a karɓo mata kwanonta. Clarrie bai janye hannunsa ba, har yau suna gaisawa, kodayake ya ce yaudararsa aka yi.

Glenys ta kwana biyu. Ranar da za ta koma na iso na ga motarta a bakin shinge, injin a kashe. Na leƙa kujerar gefe da ta baya, ba tsoho, ba akwati. Yana can nesa a baranda yana zuba wa kare ruwa.

"Kin bar shi ke nan?" na ce.

"Na mayar da lambarsa wurin kamfani. Ɗakin ma na ce su ba wani." Ta riƙe sitiyari da hannu biyu. "Na san abin da na zaɓa, Anti Merle. Wata rana za a kira ni a ce an same shi a ƙasa, wataƙila ma ke ce za ki kira. Amma in na ci gaba da riƙe masa wuƙa a wuya, zai mutu bai ƙara gaya min gaskiya ba. Gara ya faɗi a gidansa yana iya kirana."

Na sa hannu ta taga na dafa kafaɗarta. Ta tayar da mota ta tafi a hankali, tana duban madubi har ta sha kwana. Tun daga ranar, duk sanda na doshi gidan ƙarshe gabana yana ɗan faɗuwa, kuma ba na juya mota sai na ga ya fito.